Jan Haske a Hancin Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba, bai kuma taɓa dubana ya yi mini magana kai tsaye ba. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba sai ya ce ƙiyayya ce. Wallahi ba ita ba ce. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda kakanmu ya taho da ita daga Kano lokacin da fatauci ya kawo shi Lafia. In Baba yana son ruwa, kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi bango ya ce, "Wai gidan nan babu mai ba mutum ruwa ne?" In na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon carbinsa. In ta kama dole ya ambace ni, ya ce "yarinyar nan", alhali ina da shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ɗauke ni tun yaye ta rene ni. Bayan mahaifiyarmu ta rasu, ita ma mijinta ya rasu, sai ta dawo gidan Baba a unguwar Bukan Sidi tana kula da shi. Duk abin da ke tsakanina da ubana ta bakinta yake bi. In na ɗinka masa riga, ita za ta kai, ita za ta dawo mini da "an gode". Haka muka rayu, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Abin dariyar shi ne ni nas ce, kuma a ɗan asibitin da nake aiki an san ni da baki. Ba na rarrashin babba a kan shan magani. Na taɓa tsare wani Alhaji mai hawan jini a gaban direbansa, na ce in ya ga dama ya ci gaba da wasa da ƙwayoyinsa, masu haƙar kabari ba su taɓa cewa sun gaji ba. Har yau in ya gan ni sai ya tsaya ya gaishe ni. Amma da na taka zauren gidanmu sai harshen nan nawa ya naɗe.

Sana'ar Baba riɗi da agushi ce. Yana saye a hannun manoman Ashige da Arikya, ya tara a sito a bayan kasuwa. Mutum ne da zai ɗebi riɗi ya tauna ƙwara biyu ya gaya maka ko ruwa ya taɓa shi a gona. Wanda ke ɗauko masa kaya a akori-kura fiye da shekara talatin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Eggon, Kirista, da muke ce wa Kawu. Hausarsa irin ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Shi ya same ni wata rana a wurin aiki, ya ja ni gefe.

"Nas, baban ka ba ya da lafiya, yana ɓoyewa. Daga sito zuwa masallaci sau uku yana tsayawa. Yana yi kamar yana gaisuwa da mutane, amma ni na gani, hannun shi yana ƙirji."

Na san abin da hakan ke nufi. Na gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta yi mako guda tana naci, sannan Baba ya yarda muka tafi Jos wurin wani likitan zuciya. Kawu ya ari ƙaramar mota ya kai mu. Da aka zo cire riga don a manna masa wayoyin gwaji, ba sai an ce in fita ba, ni na fita da kaina. Bayan an gama, likitan ya ji cewa ni nas ce, sai ya kira ni ni kaɗai ya yi mini bayani da Turanci.

Ya ɗauki takarda ya zana zuciya, ya ja layi uku a kanta. Ya ce waɗannan su ne jijiyoyin da ke shayar da ita jini, kuma ga dukkan alamu na Baba sun cushe da kitse, hanyar ta tsuke. Ya ce abin tsoron ba tsukewar ba ce kaɗai: kowace rana jini na iya daskarewa a wurin ya toshe ragowar hanyar gaba ɗaya. Gyaran gaskiya, in ji shi, sai an zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a ga inda ya toshe, a hura ɗan balan-balan a buɗe wurin, a sa 'yar raga ta tokare shi. Ya ce inda toshewar ta yi tauri, akwai asibitocin waje da ke da wani haske mai suna leza a bakin bututun, a cikin jijiyar yake ƙone abin. Ya ba mu shawarar Indiya, wadda a shekarun nan kowa can yake nufa. Sannan ya tura mini takardar magani, ya ɗora yatsa a kanta.

"Kafin ku kai shi, waɗannan ne za su riƙe shi. Musamman 'yar ƙaramar nan mai hana jini daskarewa. Kada ya tsallake ko kwana ɗaya. In ya bari, zai iya mutuwa kafin fasfo ya fito. Ki gaya masa haka, kada ki sassauta."

Na ce to. Na fito na sami Gwaggo a gindin bishiya, na zayyana mata komai, har da maganar mutuwar. Ta yi salati, ta share ido da bakin mayafi, ta nufi mota inda Baba ke zaune. Ina tsaye a bayan motar, kunnena yana jin ta.

"Yaya, likita ya ce abin da sauƙi. Jijiya ce ta ɗan cushe. Wai akwai wani haske da ake haskawa ya narkar da abin tas. Ga 'yan ƙwayoyi, ka riƙa sha kafin a samu hasken."

Baba ya ce, "Alhamdulillahi." Na ji sarai abin da ta zubar a hanya. Na kuma san dalilinta: a wurinsu ba a yi wa mara lafiya mugun baki, ba a ambata masa mutuwa. Na ce a raina, ba komai, tunda dai zai sha maganin. Na shiga mota, har Lafia ban gyara maganar ba.

Autanmu da ke aiki a Abuja ya kama zirga-zirgar fasfo da takardun asibitin Indiya. Ni kuma na riƙa ƙulla ƙwayoyin kowace rana a 'yar ambulan, in rubuta sunan ranar a kai, in ba Gwaggo na mako guda. Wata guda abin yana tafiya daidai. Kawu ya ce tsayawar hanyar masallaci ta ragu zuwa sau ɗaya. Har na fara samun barci.

Wata Asabar da hantsi na je gida, na tarar da Baba zaune a zaure a kan buzunsa, hancinsa yana ci da jan haske kamar an sa masa garwashi a ciki. A wuyan hannunsa akwai wani abu mai kama da agogo, shi ma yana ƙifta ja ta ƙasa, ga siririyar waya ta tashi daga agogon ta shige ƙofar hancinsa. Ya zauna ƙyam, ido a rufe, fuskarsa cike da natsuwa. Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini. Na gaishe shi na wuce, na damƙi hannun Gwaggo a madafa.

"Gwaggo, mene ne wancan a hancin Baba?"

"Af, ba ki ji ba? Hasken ne ya zo har gida. Wani likita ya kama shago a bakin kasuwa, 'yan sito duk sun saya. Allah ya hutar da mu hawa jirgi."

Ko zama ban yi ba, na hau acaɓa sai bakin kasuwa. Ba a ɓata neman shagon: ƙyalle ne a ƙofa an zana ƙatuwar zuciya ja, lasifika tana ta zuba da Hausa da Turancin buroka. A ciki dattawa sun jeru a benci, kowa da jan hanci. Mai shagon yana sanye da farar rigar likita da nakatayal. Ina kallo ya tsaga yatsan wata mata, ya nuna mata jininta a allon kwamfuta a cuccure, ya ce bayan minti talatin na haske za ta ga ya warware. Na ce masa ni nas ce, ina son in san a wace makaranta aka koya masa cewa fitilar da aka cusa a hanci tana isa jijiyar zuciya. Na ce lezar da ake aikin zuciya da ita a cikin jijiya take aiki, a ɗakin tiyata, ba a kan benci ba. Muryata ta tashi har masu kayan miya suka leƙo.

Bai ko girgiza ba. Ya yi murmushi ya ce, "Madam nas, kwantar da hankali. Ni ban ce wa kowa ya bar maganin asibiti ba. Tambayi duk wanda ke nan." Dattawan suka gyaɗa kai, jajayen hancinsu na sama da ƙasa. Wani ma ya ce, "Haba 'yar nan, ki ji tsoron Allah, tun da na fara ƙafata ta daina kumburi." Na fito ina huci, amma a hanya zuciyata ta ɗan sauka. Na ce in dai abin wasan yara ne kawai, Baba ya sa a hanci, ya sa a kunne ma in yana so, muddin yana haɗiye ƙwayoyinsa.

Asabar ta gaba na kawo ambulan na sabon mako. Baba yana sito, Gwaggo tana tankaɗe, sai ta ce in shiga ɗakinsa in ɗauko mata goro a cikin kwalla. Na ɗaga murfin kwallar da ke kusa da gado, ashe ba ita ba ce. Ambulan ɗina ne a ciki, an jera su tsaf, ɗaya bisa ɗaya, ba a ko yage bakinsu ba. Alhamis, Juma'a, Asabar, duk da rubutun hannuna. Na ƙirga sau biyu, guda tara. Na zauna a ƙasa da kwallar a cinya.

Na fito da ita na dire a gaban Gwaggo. Ta duba, ta kawar da kai.

"Na sani," in ji ta. "Kullum ina ba shi, yana karɓa ya ajiye. Ya ce ba a haɗa magani biyu. Haka Malam babanmu yake yi: in ka kama maganin wani, sai ka ajiye na wani, in ba haka ba su yi faɗa a jikinka, kuma in ka warke ba ka san wanda ya yi aiki ba. Ya ce ai likitan Jos da kansa ya ce a sha kafin a samu hasken. To ga haske ya samu."

"Ke kika ce haka, Gwaggo! Likita bai ce haka ba! Cewa ya yi in ya bari zai mutu. Ki je ki gaya masa zai mutu!"

Ta yi wuf ta toshe mini baki da hannunta mai gari. "A'uzubillahi! Ubanki kike yi wa wannan fata? Ke wace irin yarinya ce?" Ban taɓa ɗaga wa matar nan murya ba sai ranar, kuma na ɗaga har maƙwabta suka yi gyaran murya ta katanga. Da Baba ya dawo bayan la'asar ta shiga wurinsa, ni ina laɓe a bakin labule. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi maganar zafin gari, sannan ta ce, "Yaya, yarinyar nan ta ce wai ƙwayoyin nan ma suna da nasu amfanin." Baba ya ce, "A ce mata an gode. Jikina ya yi sauƙi, ban taɓa jin ƙarfi irin na kwanan nan ba."

Na bi duk hanyar da ta rage, ban da guda ɗaya. Na kira autanmu ina kuka, ya kira Baba. To shi auta abokin wasan Baba ne, sai Baba ya mai da abin raha, ya ce ɗan boko yana jin haushi an hana shi yawon Indiya. Na roƙi Kawu, ya je ya faɗa masa gatsau, Baba ya yi dariya ya ce yaushe direba ya zama likita. Na daka ƙwayar na zuba a kunun gyaɗarsa. Tabɗi! Na manta da wa nake yi. Kurɓa ɗaya ya yi, ya juya shi a baki, ya ajiye kofin, ya dubi bango ya ce, "A daina." Bai ƙara shan kunu a gidan ba.

Kawu ya same ni a ƙofar gida na haɗa kai da gwiwa. Ya tsaya a kaina yana karkaɗa makullin mota.

"Nas, ni ban gane ku ba. Kai ne ka ji daga bakin likita. Kai ne ka karanta wannan aiki. Baban ka ya san haka, kullum yana faɗa a sito, yarinyan nan ya fi likita sani. In kai ka faɗa, zai ji. Shiga ka faɗa masa mana! Ɗaki ne, ba kogi ba."

Ban taɓa sanin Baba yana maganata a sito ba. Na ce wa Kawu gobe da safe zan shiga.

Na zo da safen. Takalmansa suna bakin ƙofa, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa a ciki, ta gefen labule ina hango jan hasken nan. Na shirya maganar tun a gida, gajeriya ce: Baba, likita ya ce in ba ka sha ba za ka mutu. Na maimaita ta a kan acaɓa har mai acaɓan ya tambaye ni ko da shi nake. Amma da na tsaya a gaban labulen, sai na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Wanda bai san abin ba ba zai gane ba. Shekara talatin da huɗu jikina yana koyon kaucewa daga ƙofar nan. Na yi sallama daga waje, na ce ina kwana, na juya.

Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku na yi ta maza na ɗaga labulen, na shiga, na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba." Ya firgita kamar na kama shi yana wanka. Ya sunkuyar da kai, ya shiga laluben carbi alhali yana hannunsa, ya ce da bango, "Ina Gwaggonku ta shiga ne?" Na ga dattijo mai furfura yana jin kunyata, sai tausayinsa ya kama ni, tausayin banza. Na ce, "Tana madafa. Dama gaisuwa na zo yi." Na fito ina zagin kaina da duk zagin da na iya.

A ranar da yamma auta ya kira ya ce biza ta fito, saura kwana goma sha ɗaya a tashi. Na yi wa kaina alkawari: jibi Juma'a, in ya sauko daga masallaci, zan tare shi a zaure in rufe ido in faɗa, in ya so ya tsine mini. Na ma ji sanyi a raina da na sa ranar, kamar na riga na yi aikin.

Ranar Alhamis wajen sha ɗaya na safe ina ɗaure wa wani yaro rauni, wayata ta yi ƙara. Kawu ne, muryarsa ta canja. "Nas, zo sito yanzu. Yanzu!" Daga baya na ji abin da ya faru. An sauke riɗi daga Ashige, 'yan sito suna yi wa Baba barka da samun sauƙi, shi kuma don ya nuna musu hasken ya yi aiki, sai ya kama kunnen buhu ya ɗaga.

Na tarar da shi a jingine da buhuna, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun yi toka-toka, hannu ɗaya ya dafe ƙirji. Mutane sun yi masa rumfa, wani yana fifita, wani kuma, don Allah ku ji, yana ƙoƙarin mayar masa da wayar nan a hanci. Na ture shi har ya faɗa kan sikeli. Na fizge agogon na yi jifa da shi. Na ciro asfirin daga jakata, na buɗe bakin ubana da yatsuna na tura, na daka masa tsawa: "Tauna! Tauna, na ce!" Ya tauna. Na sa masa wata ƙwayar a ƙarƙashin harshe. A gaban 'yan sito duka na yi wannan, kuma ko ɗigon kunya ban ji ba. Sai a lokacin ta tafi, da ba ta da sauran abin da za ta ɓata.

A asibitin da muka fara kai shi suka sa masa iska, suka yi masa allura, suka ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, mu wuce Abuja maza. Kawu ya kawo motar da muka je Jos da ita. Gwaggo ta zauna a gaba tana jan salati, ni na shiga baya, aka kwantar da Baba, kansa a kan cinyata. Ban taɓa taɓa kan Baba ba. Hularsa ta faɗi a sito, sai ranar na san akwai wani tsohon tabo a bayan kunnensa. Yatsuna biyu suna wuyansa ina bin bugun jinin, yana zuwa yana ɓacewa. Kawu yana gudu yana danna hon, yana addu'a da yarensu.

Mun wuce Nasarawa Eggon, duwatsun nan suna gefenmu, sai na ji ya ce, "Ke."

Na ɗaga kai in taɓa Gwaggo, na zaci ita yake nema. Da na duba ƙasa, ni yake kallo. Cikin idona yake kallo, bai kauce ba.

"Ƙwayoyin nan," ya ce, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Da na sha, da hakan ba ta faru ba?"

"Allah ne masani, Baba. Amma su ne ke hana jinin daskarewa. Likita ya ce in ka bari, za ka iya mutuwa kafin a kai ka."

Maganar ta fita sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Abin da ya gagare ni kwana da kwanaki bai kai numfashi biyu ba.

"Tun a Jos ya faɗa?"

"Tun a Jos."

"Ke ya faɗa wa?"

"Ni ya faɗa wa."

Ya lumshe ido, har na zaci ya suma. Sai ya buɗe, ya kira sunana. Cikakken sunana, sunan uwarsa, ya fito daga bakinsa a hankali kamar yana gwada shi. Gwaggo ta daina salati a gaba. Ya ce, "To me ya hana ki gaya mini?"

Babu faɗa a muryarsa, babu zargi. Tambaya ce kawai, ta mutumin da yake son ya sani. Ina da amsa, wallahi ina da ita. Na so in ce kai ne, Baba, kai da bangonka. Na so in ce sau uku na zo. Na so in ce ka yafe mini. Amma idonsa yana cikin nawa, kuma ban saba ba. Sai na sunkuyar da kai na kawar da fuska gefe, yadda aka koya mini tun ina ƙarama. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon bayan kujerar Kawu ba. Da na juyo, muna shiga Akwanga, kuma babu komai a ƙarƙashin yatsuna.

Na ce wa Kawu ya rage gudu. Bai tambaye ni dalili ba, ya gangara gefen titi ya kifa kai a kan sitiyari.

Ranar sadakar uku gida ya cika da mata. Ina zaune a ƙuryar ɗakin Gwaggo, wata tsohuwa daga dangin Kano ta shigo tana dogara sanda, ta tambaya wace ce 'yar farin. Aka nuna ni. Ta dafa kaina, ta juya ga sauran matan ta ce su dube ni da kyau, irinmu sun ƙare. Ta ce ta ji labari, duk da bokon da na yi, har uban nan ya koma ga Allah ban taɓa tsayawa a gabansa na gaya masa magana ba. Ta ce Allah ya ba ni 'ya'ya masu yi mini irin kunyar da na yi masa.

Ɗakin gaba ɗaya ya ce amin. Ni ban ce ba.